SAYI: GARIN ALFA MAHAMAN JOBBO TSAKANIN KOGI DA HUKUMA

Kilomita 55 kudu da Yamai, bisa gaɓar kogin Isa, wanda Hausawan gabas ke ce ma Kwara, akwai wani ɗan gari mai suna Sayi. Zabarmawa suna kiran gaɓar hagu ta kogin Hausa, ta dama kuma Gurma. Sayi yana wajen Gurma, yana fuskantar Hausa. Ga yawan jama'a bai kama ƙafar Tasawa ko Birnin Ƙonni ba, domin ƙidayar 2012 ta tarar da mutum dubu 13 da ƴan kai cikin garin, kusan dubu 58 kuma cikin ƙaramar hukumar baki ɗaya. Amma ƙanƙantar gari ba ta hana shi suna. Tun 1890 sunan Sayi ya shiga takardun manyan ƙasashen Turai, kuma da shi aka soma shata iyakar da ta raba Katsinawan Maraɗi da na birnin Katsina, ta raba Gobirawan Tsibiri da na Sabon Birni. Saboda haka tarihin wannan gari ya shafi mai karatu na Damagaram da Tawa da Maraɗi, ko da bai taɓa ƙetare kogi ba. Ya kuma shafe shi ta wata fuskar: tambayar da mutanen Sayi suka daɗe suna yi, watau wa ke da ikon gari da ruwansa da gonakinsa, ita ce tambayar kowace ƙaramar hukuma ta ƙasar Nijar.

MALAMIN DA YA KAFA GARI

Masana tarihin baka sun haɗu bisa cewa Sayi ya samu girmansa daga wani malami Bafillace, Alfa Mahaman Jobbo, wanda asalinsa daga wajen Masina ne, cikin ƙasar Mali ta yau. Ya biyo kogi yana gangarowa sannu sannu. Ya zauna Gawo, ya zauna wasu tsibirai da ƙauyukan bakin ruwa, cikinsu har da tsibirin Neni kusa da Yamai, ko'ina yana karantarwa, almajirai suna ƙaruwa a bayansa. Wajen shekara ta 1825 ya yada zango a Sayi, nan kuma ya rasu wajen 1834.

Zamanin nan zamanin jihadi ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya raba ma ƙanensa Abdullahi yammacin daula, Gwandu ta zama cibiyarta. Sayi ya shiga ƙarƙashin inuwar Gwandu, ya zama idonta da bakinta a ƙasashen kogi. Abin da ya bambanta Alfa Mahaman Jobbo da masu tutocin zamaninsa shi ne bai kafa mulkinsa bisa takobi ba. Ba a san shi da rundunar yaƙi ba. Ƙarfinsa allo ne da alƙalami da sulhu. Filani da Zabarmawa da Kurte da Wogo da Gurmawa suna kawo masa ƙara, yana raba gardama, wanda ya gudo daga yaƙi yana samun mafaka a wurinsa. Da haka gari ya cika.

Ɗansa Abubakar ya gaje shi, sarauta kuma ta zauna cikin zuriyarsa. Ana kiran mai riƙe da ita Alfa'ize, watau ɗan malami da harshen Zabarma. Wannan laƙabi kansa yana faɗin tushen ikon gidan: gadon karatu ne kafin ya zama gadon sarauta.

MASHIGIN FATAKE

Malami ya tara jama'a, kogi ya kawo dukiya. Ɗaya daga cikin hanyoyin fataken goro tana tashi daga Kano, ta bi Sakkwato da Gwandu, ta ratsa Dallol Foga inda ake dafa gishiri, ta ƙetare kogi a Sayi, sannan ta shiga Gurma da ƙasar Mosi har Salaga cikin Gwanja. Ayarin jakuna yana kawo baƙaƙen riguna da turkudi na Kano, da kanwa, da fatu, ya komo da goro. Duk ayarin da ya iso bakin ruwa tilas ya tsaya, ya sauke kaya, ya biya kuɗin fito. Wanda ke riƙe da mashigi, shi ke riƙe da aljihun bafatake.

Bature ɗan Jamus Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya iso nan ranar 20 ga watan Yuni na 1853, a kan hanyarsa ta zuwa Tumbutu, yana ɗauke da izinin Halilu sarkin Gwandu. Ya sake biyowa cikin 1854. Ya tarar da Abubakar bisa gado. Ya bayyana gari mai kusurwa huɗu, da gajeriyar ganuwar ƙasa ta gefe uku, gefen kogi kuwa a buɗe. Ya ga jiragen ruwa da aka ɗinke da kututture biyu, ya kuma ambaci wani ma'aikaci mai kula da mashigi wanda ake kira sarkin jirgi. Wannan yana nuna tun kafin zuwan Nasara akwai tsarin hukuma a bakin ruwan: akwai mai karɓar kuɗi, akwai mai ba da izinin ƙetarewa, akwai alƙali.

Sai dai baƙon ya tarar da kasuwa cikin ƙunci. Tun 1849 Kabawa suka tayar ma Gwandu a ƙarƙashin Yakubu Nabame, Zabarmawa da Dandawa da Arawa suka mara masu baya. Hanyar da ta haɗa Sayi da Gwandu ta zama ta ɗar-ɗar, hatsi ya yi tsada, fatake da yawa suka sauya mashigi zuwa kudu. Darasin farko ke nan da garin ya koya: gari mai ci da hanya, in hanya ta mutu, shi ma ya kwanta.

LAYIN SAYI ZUWA BARRUWA

Ranar 5 ga watan Agusta na 1890, Ingila da Faransa suka sa hannu bisa wata takarda a Landan. Suka ja layi daga Sayi a bakin kogin Isa zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi. Arewacin layin na Faransa, kudancinsa na Ingila, da sharaɗin duk abin da ke na daular Sakkwato ya faɗa hannun kamfanin Ingilishi na kogin Kwara. Babu wanda ya shawarci Sarkin Musulmi, ko sarkin Damagaram, ko Alfa'ize. Masu jan layin ba su taɓa taka ƙasar ba. Shugaban gwamnatin Ingila na lokacin, Salisbury, har ya yi ma Faransa ba'a cewa rairayi ne aka bar mata.

Faransa ta aiko Monteil ya duba abin da ta samu. Ya iso Sayi cikin Agustan 1891, ya wuce Sakkwato da Kano da Kukawa, ya komo da labarin cewa Kabi da Gobir da Maraɗi da Damagaram ba sa bin Sakkwato. Daga nan gardama ta tashi. Cikin 1895 ƴan leƙen Faransa da na Jamus suka yi ta tsere zuwa Sayi, kowa da takardar da yake son a dangwala masa hannu. Cikin 1896 Hourst ya gangaro da jiragensa daga Tumbutu, ya gina sansani cikin wani tsibiri kusa da garin, ya yi watanni. A shekarun nan ne kuma Amadu Shehu, ɗan Alhaji Umaru Futi, wanda Faransawa suka kora daga Segu da Banjagara, ya zauna yankin da jama'arsa kafin ya nufi Sakkwato, inda ya rasu cikin 1897. A wannan shekara ta 1897 sojan Faransa suka kafa bariki a Sayi, ba su sake tashi ba sai da mulkin kai.

Yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 ta soke layin farko. Aka ɗora tsinin alƙalami bisa birnin Sakkwato, aka zana baka mai nisan mil 100, kamar kilomita 160. Ƙonni da Madawa da Maraɗi suka faɗa wajen Ingila. Sai Faransawa suka ga ayarinsu mai zuwa Damagaram ba shi da hanya sai ta arewa, inda rijiyoyi ke nesa da juna, mutane da dabbobi suna mutuwa da ƙishirwa. Suka nemi gyara, aka yi shi cikin 1904 da 1906, aka turo iyaka kudu. Tsakanin 1906 da 1908 ayarin Tilho da takwaransa na Ingila suka bi ta suna kafa turaku. Dalilin da ya sa yaron Maraɗi ke karatun faransanci a lekwal, ɗan'uwansa na Jibiya yana na ingilishi, ke nan: neman rijiya ga ayarin soja.

GARI ƊAYA, IYAYENGIJI DA YAWA

Bayan an gama da iyakar waje, sai aka shiga jefa Sayi daga hannu zuwa hannu cikin gida. Da farko yana ƙarƙashin Sudan ta Faransa. Cikin 1899 aka haɗa shi da Dahome, ƙasar Benin ta yau, sai takardarsa ta riƙa tafiya har bakin teku kafin a ba da amsa. Dokar 2 ga Maris 1907 ta cire shi daga Dahome ta maida shi cikin babbar ƙasar da ake mulka daga Bamako. Cikin 1919 da aka kafa Hotbolta, Burkina Faso ta yau, aka ba ta shi. Dokar 28 ga Disamba 1926 ta ɗauke shi ta ba Nijar, ban da kanton Botu na Gurmawa da aka bar ma Hotbolta. Cikin shekara 30, manomin Sayi bai gusa daga gonarsa ba, amma harajinsa ya sauya alƙibla sau huɗu.

Wannan yawo ya bar baya da ƙura. Takardun 1927 da suka fayyace iyaka tsakanin ƙasashen biyu ba su fito sarai ba, har Nijar da Burkina Faso suka kai maganar gaban kotun duniya ta birnin Lahe, wadda ta yanke hukunci ranar 16 ga Afrilu 2013.

Shekarar 1926 ta zo ma Sayi da wani abu kuma. A cikinta ne aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram aka kai Yamai. Ƙauyen da bai kai Sayi suna ba a zamanin fatake ya zama fadar gwamna. Ofisoshi da kantuna da mashigin jirgin fito suka tattara can. Da aka buɗe gadar Kennedy cikin 1970, mai mota ba shi da sauran buƙatar sarkin jirgi. Sayi ya koma ƙarshen hanya, bayan dā shi ne tsakiyarta.

Abin da bai ƙaura ba shi ne karatu. Cikin 1957 aka buɗe a nan madarasa ta farko ta gwamnati mai haɗa larabci da faransanci. Taron ƙasashen Musulmi na Lahor, cikin 1974, ya yanke shawarar gina jami'ar Musulunci domin ƙasashen Afirka ta yamma, aka zaɓi Sayi, ta buɗe ƙofofinta cikin 1986. Ɗalibai daga ƙasashe da dama sun sha ruwan garin saboda albarkar allon Alfa Mahaman Jobbo.

DAGA KWAMANDA ZUWA MAGAJIN GARI

A zamanin Nasara iko yana hannun kwamanda. Alfa'ize ya zama sarkin kanto: shi ke tara haraji, shi ke fidda mutanen aikin tilas da na soja. Malamin da ake zuwa wurinsa neman sulhu ya zama wanda ake aiko ma umurni. Bayan mulkin kai na 1960, dokar 1964 ta raba ƙasa jaha 7 da gunduma 32. Sayi ya zama gunduma cikin jahar Yamai, da sufurehe wanda gwamnati ke naɗawa. Cikin 1988 aka maida cibiyar jahar Tilaberi, sai ga mutumin Sayi yana ratsa Yamai ya ƙara fiye da kilomita 100 kafin ya ga shugaban jaharsa.

Taron ƙasa na 1991 da yarjejeniyar sulhu ta 1995 da ƴan tawayen arewa suka ɗaga maganar kusanto da mulki ga talaka. An yi zaɓen ƙananan hukumomi cikin Fabrairun 1999, aka soke sakamakonsa a wurare da dama, rikicin da ya biyo baya kuma bai lafa ba har aka kashe shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara ranar 9 ga Afrilu. Dokokin 2002 suka kafa ƙananan hukumomi 265, Sayi yana cikin na birni. Ranar 24 ga Yuli 2004 mutanensa suka zaɓi kansalolinsu karo na farko. An sake zaɓe cikin Janairun 2011 da kuma 13 ga Disamba 2020. Cikin 2011 aka yanke Torodi ta zama gunduma mai zaman kanta, gundumar Sayi ta rage da ƙananan hukumomi uku: Sayi da Tamu da Wuro Gelajo.

Ga yadda doka ta tsara aikin, bisa kundin 2010, kafin a rushe majalisun cikin 2024. Talakawa suna zaɓen kansaloli na shekara 5. Kansaloli suna zaɓen magajin gari daga cikinsu. Majalisa ce ke amincewa da kasafin kuɗi, magajin gari ya zartar, shugaban gunduma kuma ya duba ko an bi doka. Sarkin kanto da ƴan majalisar dokoki na yankin suna da kujera cikin majalisar, suna faɗin ra'ayi, amma ba su jefa ƙuri'a. Aikin ma'aikatar magajin gari ya haɗa da takardun haihuwa da na aure da na mutuwa, da kasuwa, da tasha, da mahauta, da tsabtar gari, da yankan filaye. Cikin 2016 gwamnati ta ƙara miƙa ma ƙananan hukumomi fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwan sha da muhalli.

A takarda abin ya yi kyau. Wahalar tana wurin aljihu. Kuɗin ƙaramar hukuma yana fitowa daga harajin kai da tikitin kasuwa da na dabbobi da kuɗin filaye. Harajin kai kuwa masu gari ne ke tara shi, su kuma suna ƙarƙashin sarkin kanto. Watau magajin gari yana da hatimi, sarki yana da mutane. In sun jitu gari ya ci gaba, in sun saɓa asusu ya bushe. An miƙa ma ƙananan hukumomi makarantu da likitoci da famfuna, kuɗin tafiyar da su kuwa bai biyo da saurin da aikin ya zo ba. An ba mutum doki an riƙe linzami.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, hukumar soja ta rushe dukkan majalisun ƙananan hukumomi da na jahohi ranar 4 ga Afrilu 2024, ta naɗa kantomomi a madadinsu. Shekara 20 bayan ƙuri'ar farko, hatimin Sayi ya sake komawa hannun wanda aka aiko daga sama.

RUWA DA ƘASA

Duk wanda ya riƙe wannan hatimi, abu biyu ne ke jiransa: ruwa da ƙasa.

Kogin yana cika sau biyu a shekara. Jan ruwa yana zuwa cikin Agusta da Satumba daga ƙoramun Gurma. Baƙin ruwa yana isowa da sanyin hunturu daga duwatsun Gini, bayan ya yi watanni a hanya. Da wannan lissafi masunta da manoman shinkafa ke rayuwa, Sorkawa da Kabawa da suka zo su tun kakanni, da masu aiki cikin fadamun da gwamnati ta gyara. Lissafin yana rikicewa. Cikin Yunin 1985 kogin ya tsaya cik a Yamai, abin da tsofaffi ba su taɓa gani ba. Cikin 2012 da 2020 kuwa ya yi ambaliya, ya fasa shingaye, ya cinye shinkafa da gidaje a duk tsawon kwarin. Rairayin da ƙoramu ke kwasowa daga tuddan da aka sare itatuwansu yana cike cikin kogi, shi ya sa ruwa kaɗan ke isa ya fantsama. Sayi kuwa a kwari yake. Tun 1853 Barth ya lura da wata fadama da ta ratsa gari, wadda ke cika da ruwa ƙarshen damina ta tsai da harkoki.

Maganar ƙasa ta fi zafi. Kudu da Sayi akwai gandun dajin W, wanda aka kafa cikin 1954, mai faɗin hekta dubu 220 a ɓangaren Nijar, ya kuma shiga jerin kayan gadon duniya cikin 1996. Kusa da shi akwai gandun Tamu na 1962. Bayan yunwar 1973 da 1974, da kuma yaƙin da aka yi da ƙudan da ke makantar da mutanen bakin kogi, gwamnatin Seyni Kunce ta yanke wajen rabin gandun Tamu cikin 1976 ta buɗe shi ga manoma. Sunan da aka sa ma wurin na Hausa ne: A yi noma. Talakawan Zarmaganda da fari ya koro sun samu gona, manyan ma'aikata da attajiran Yamai su ma sun samu, nasu kuma ya fi faɗi. Makiyayan da suka saba bi da shanunsu ta nan suka tarar da burtali ya zama gona, gaba kuma gandun da aka hana shiga. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin filaye domin rubuta mallaka da shata burtali da mashaya, amma kusancin Yamai yana sa farashin fili hawa, kuma ƙaramar hukumar da asusunta ya dogara ga yankan filaye tana cikin jarrabawa kullum.

Bisa wannan rauni ne rashin tsaro ya sauka. Ƙarshen Nuwamban 2018 aka sa gundumomin Sayi da Torodi da Tera cikin dokar ta-ɓaci. Masu ɗauke da makamai suka samu maɓoya cikin gandun W, baƙi masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa. Cikin Yulin 2023 fiye da mutum dubu 10 suka bar ƙauyukansu a yankin Wuro Gelajo, ana tsakiyar damina. Ƙauyen da ya watse ba ya noma, ba ya cin kasuwa, ba ya biyan haraji, yaransa kuma ba su da takardar haihuwa sai an bi su inda suka sauka.

ABIN DA TARIHI KE NUNAWA

Cikin shekara 200 Sayi ya ga ikon malami, da na Gwandu, da na kwamanda, da na sufurehe, da na magajin gari, da na kantoma. Lokacin da ya fi bunƙasa shi ne lokacin da mai raba gardama yake zaune cikin gari, kowa ya san ƙofarsa, kuɗin mashigi kuma yana tsayawa inda aka karɓe shi. Lokutan da ya ja baya su ne waɗanda aka yanke masa hukunci daga nesa, ko a Landan, ko a Bamako, ko a Yamai.

Buƙatun mutanen garin ba su da wuyar ƙirgawa: shingen da zai tare ambaliya, burtalin da manomi da makiyayi suka yarda da shi, hanyar da za a bi zuwa kasuwa a komo lafiya, da asusun da za a karanta ma jama'a abin da ya shiga da abin da ya fita. Su ne buƙatun Madarunfa a bakin tafkinta, da na Tabalak, da na Gaya. Ranar da aka sake kiran talakawa ga akwatin zaɓe, ya kamata a tuna cewa kujera ba tare da kuɗin aiki ba ta riga ta nuna iyakarta tsakanin 2004 da 2024. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an bar masa abin da zai sayi ciyawar jinka.